Abin da Rekiya Ta Gani a Murfin Kwano

Malam Atiku malamin gona ne a Dutsin-Ma. A 1985 aka tura shi kwas Ingila, can ciwon sukari ya kwantar da shi. Likitocin da suka duba shi suna gwajin wata na'ura mai girman ƙaramar rediyo, wadda ake ɗaurawa a ƙugu. Siririyar roba ke fitowa daga cikinta zuwa allurar da ke maƙale a fatar ciki, tana tura maganin sukari, wato insulin, kaɗan-kaɗan dare da rana. Da ita ya dawo gida, da kwali guda na robobi da allurai.

Wata biyu lafiya lau. Sai kuma ƙishirwa ta dawo, fitsari ba iyaka, wata rana ma har da amai. Matarsa Rekiya ta aika aka kira Sista Roda, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a bayan layinsu. Roda ta gwada fitsarinsa, ta yi masa allura da sirinji, kafin la'asar ya dawo hayyacinsa. Ta faɗa musu gaskiya cewa ba ta taɓa ganin irin wannan na'ura ba, amma tunda maganin ya yi aiki ta sirinji, to laifin ba na maganin ba ne. Aka sake batir, aka sake allura, aka sake wurin sokawa. Bayan kwana biyar abin ya sake dawowa.

Rekiya ba ta yi boko ba, ɗinki take yi a gida. Amma ita ke wanke masa kaya, ita ke cika masa butar ruwa, don haka ta san ranakun da buta ke ƙarewa da wuri. Ta lura duk ranar da ya wuni a ofis ƙalau yake kwana. Ranar da ya hau babur zuwa Kurfi, ya zarce Tamawa wajen manoman auduga, ita ce ranar da yake dawowa leɓe a bushe. Da ta faɗa masa, ya ce rana ce da gajiya kawai.

Ranar Asabar da hantsi, lokacin sauya roba, ta roƙe shi kada ya jefar da tsohuwar. Ta sa aka kira Roda. Da ta zo, Rekiya ta kife baƙin murfin kwano a tabarma, ta ɗora bakin allurar a kai, ta ce ya danna abin da yake dannawa a jikin na'urar kafin cin abinci. Ɗigo ya fito, wani ya biyo.

“Malam, yanzu ɗaura ta kamar za ka fita, ka hau babur ɗin.”

Ya yi dariya, amma ya hau, nan cikin soro, babur a jingine. Da ya sunkuya ya kama kan babur, bel ɗin wandonsa ya danne robar daidai inda take fita daga na'urar, ta lanƙwashe. Rekiya ta riƙe murfin a ƙarƙashin allurar, ya danna. Suka jira. Ba abin da ya fito. Da ya miƙe zaune, sai ga ɗigo.

Roda ta karɓi robar ta ɗaga ta a haske. Wurin ya yi fari, ya baje kamar an tauna. Ta daɗe tana juya ta a hannu.

“Maman Ma'u, ni da takardata ban gano wannan ba,” in ji ta. “Ya aka yi?”

“Zare ma haka yake yi a keke, Sista. In ya maƙale a hanya, sai allura ta yi ta sauka ba ɗinki.”

A ranar ta ɗinka masa singileti mai aljihun saka na'urar a ƙarƙashin hammata, ta bi gefensa da 'yan madaukai inda robar za ta bi ba tare da ta kusanci bel ba. Na farko ya matse, ta farke ta sake. Roda kuma ta kafa masa doka: duk inda za shi, ya tafi da sirinji da kwalbar magani, ya gwada fitsari da zarar ya sauka daga babur, in ya ga sukari kada ya tsaya jiran na'ura.

Ranar Talata ya tafi Tamawa, ya wuni a gonaki, ya dawo bayan la'asar. Ya zauna ya ci tuwo, ya sha ruwa kofi ɗaya ya ajiye. Ya daɗe bai yi haka ba.

Daga baya ya rubuta wa likitansa na Ingila wasiƙa, ya zana singiletin a bayan takardar, ya sa sunan wadda ta gano matsalar. Shekara biyu ya yi da na'urar kafin robobin su ƙare ya koma sirinji. A tsawon wannan lokaci bai sake kwanciya ba, kuma bai fasa zuwa Kurfi ko sau ɗaya ba.