Daga Alƙahira Zuwa Ƙaura

Da ciwon Barakatu ya tsananta, na kira ɗanmu Mubashir da ke karatu a Alƙahira, na ce ya zo ya ga mahaifiyarsa.

"Baba, awa biyar ce kawai a jirgi zuwa Kano," in ji shi.

Na faɗa mata haka. Ta ce, "To ai kusa ne." Ni kuwa jirgin ne ya tsaya mini a rai. Ina ta tunanin ƙarfe a sama, hamada a ƙasa, babu inda za a tsaya in wani abu ya lalace. Duk addu'ata a kan jirgin ta ƙare.

Jirgi ya sauka lafiya da asuba, Mubashir ya shiga mota. Da hantsi Barakatu ta cika.

Mata suka yi mata wanka, aka sa likkafani, masu haƙa suka gama kabari. Na roƙi Liman a jira yaron ya ga fuskarta.

"Zubairu, ka ga zafin ranar ga," in ji Liman. "Ba a ajiye gawa. Amma mu kai la'asar."

Bayan azahar Mubashir ya kira daga tashar Ƙaura. Ya riga ya ji labarin rasuwar, muryarsa ta dishe.

"Baba, direbobi sun ce babu mai shiga hanyarmu ta Shinkafi yau. 'Yan bindiga sun tare ta da safe, sun kwashe mutane. Sai gobe, in sojoji sun yi rakiya."

"To ka kwana nan."

"Na samu ɗan kabu-kabu. Ya ce ya san hanyar daji, za mu iso kafin la'asar. Don Allah ku jira ni."

"Wace hanyar daji? Can ne fa suke zaune!"

"Na ƙetaro ƙasashe, Baba. Ɗan wurin ga zai hana ni ganin Inna?"

Na san ɗana. Muddin tana kwance a ɗakin nan, sai ya hau babur ɗin. Na ce ya ba ni ɗan lokaci, kada ya motsa sai na kira.

Na fita ƙofar gida, inda mutane ke zaune a tabarmi. Na ce wa Liman a fito da ita.

Ƙanena Atiku ya riƙe hannuna. "Yaya, ba kai ka ce a jira ba?"

"A fito da ita."

Muka yi mata salla, muka kai ta. Sai da aka rufe, ƙasa na hannuna ban kakkaɓe ba, sannan na kira shi.

"Mun rufe ta, Mubashir. Ka sallami mai babur."

Ina jin hayaniyar tasha a bayansa, wani yaron mota yana kiran Gusau.

"Ko la'asar ba a yi ba, Baba."

"Na sani. Ka je gidan Malam Rufa'i, abokina na bayan kasuwa, ka kwana."

Ya kashe wayar. Washegari ya iso cikin ayarin sojoji. Ya durƙusa ya gaishe ni, bai ɗago kai ba, ya tambayi Atiku inda kabarin yake.