Lalle Har Gwiwa

Tun da aka sauke kilin, farin dokin nan, daga mota a ƙofar gidan Kawu Dabo a Hausari, hankalin Almustapha bai kwanta ba. Farin doki ana sa masa lalle, amma can ƙasa ake sawa, kusa da kofato. Wannan kuwa an haura da shi har saman gwiwa, ƙafafun gaba duka biyu sun yi jawur. Ran Asabar za a yi sukuwa, kuma Bilyamin, ƙanen Almustapha, shi ne zai hau.

"Malam Joda, wa ya sa masa lallen nan?" ya tambayi dillalin da ya kawo dokin.

"Don ado ne kawai, Dokta. Ko a makarantar taku ta dabbobi an hana doki kwalliya?"

Aka kwashe da dariya. Haka muke, in mutum ya yi tambaya sai a mai da shi abin dariya, ran da abu ya ɓaci a ce ƙaddara ce.

Almustapha ya tsuguna ya kai hannu.

"Kai!" in ji Kawu. "An yi ciniki, an sallama. Laluben ƙafar doki bayan an tafa hannu ƙaryata mutum ne."

Almustapha bai ɗago ba. Ƙarƙashin jan lallen, gashin gwiwar dama ya fi na hagu gajarta. Yatsansa ya ci karo da tabo biyu kamar ƙwayar wake. Dokin ya fizge ƙafa.

"Tiyata aka yi masa, Kawu. An shiga gaɓar an ciro ɓallin ƙashi. Doki na iya komawa fili bayan irin wannan aikin, amma sai ya huta watanni. Wannan ko gashin da aka aske bai gama tsirowa ba."

Joda ya gyara hula. "To an yi, sai me? Mota ma ana kai ta gareji."

"In gyara ne, me ya kawo lalle? Har ƙafar da ba ta yi komai ba?"

Joda ya kalli titi.

"Na riga na ce wa mutanen Gadaka bana ƙurarmu za su sha," in ji Kawu. "Allah ne mai tsarewa."

"Shi ne, Kawu. Amma in gwiwar nan ta karye a guje, Bilyamin ne zai daki ƙasa."

Bilyamin yana tsaye da sirdi a kafaɗa. Ya sunkuya ya dafa gwiwar hagu, sanyi. Ya dafa ta dama, ya daɗe bai ɗauke hannu ba. Sannan ya sauke sirdin a gaban dillalin.

"Kawu, a yi mini afuwa. Malam Joda, tunda ka ce ya warke, bisimilla, zagaya mana da shi sau ɗaya."

Joda ya laluba aljihu ya ciro waya, ya kara a kunne yana ja da baya. Ba wanda ya ji ta yi ƙara.