Indararon Baba Bawa

"Khala Munira, don Allah ki sauko. Gidan da za a rushe kike shafa wa kwalta?"

Munira ta yi kunnen uwar shegu da shi. Tana durƙushe a saman soron maƙwabcinta Baba Bawa, ta ɗaure abayarta a ƙugu, tana cusa yankin buhu cikin tsaga tana bin sa da burushi. Mai maganar Abdulelah ne, ɗan Baba Bawa, wanda ke kiran ta Khala, wato inna da Larabci, yana tsaye a ƙarshen matakala cikin farar jallabiya, ya toshe hanci saboda warin.

"An rushe shi ne?" ta tambaya ba tare da ta ɗago ba.

"Saura kaɗan, wallah. Ba ki ga jan fentin rusau a bango ba?"

"Na gani. Ruwan sama ne bai iya karatu ba. Matsa, ka tare mini haske."

A lokacin unguwarsu Hindawiyya ta riga ta watse. Motocin rusau sun cinye lungun baya, maƙwabta sun kwashe kaya sun bazu a Jidda, har kyanwoyi sun rasa ƙofar da za su yi wa kuka. A lungunsu gida biyu suka rage da mutane: na Munira, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da sana'ar suyar sambusa, sai na Baba Bawa da suke bango ɗaya. Tsohon ya haura tamanin. A ɗakin da yake kwance aka yanke masa cibiya, kakansa ne ya gina shi bayan ya zo aikin hajji a ƙafa. Asibiti sun ce a mayar da shi gida, kowa kuma ya san abin da hakan ke nufi.

Abdulelah ba mugun ɗa ba ne, tsoro yake ji. Yana da gida mai kyau a bene can arewacin gari, ya roƙi uban har da hawaye, tsohon ya ce ba inda za shi. Daga ƙarshe suka tsaya a kan sharaɗi: bara ɗakin ya yi yoyo, to bana ranar da ɗigo ɗaya ya sauko, za a ɗauke shi ko yana so ko ba ya so. Munira tana wurin aka yi maganar. Haushi ya kama ta, a ce mutum ya rasa ikon zaɓen inda zai mutu saboda tsagar siminti. Washegari ta sayo gwangwanin kwalta.

Da ta sauko ta shiga ɗakin tsohon, hannuwanta baƙi ƙirin. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Kin fara zuba ruwa kin ga inda yake kwanciya?"

"Na zuba, Baba. Na zagaye da gawayi, na bari ya bushe, sannan na sa buhu."

"Gindin bango fa? Nan munafukin yake bi."

"Sau biyu na shafa."

Ya yi murmushi. Abin dariya ne ma a ce yau shi ake ba labarin rufi. Ruwan Jidda baƙo ne, yakan zo da sanyi sau ɗaya ko biyu a shekara, amma idan ya zo ba ya sallama. Sauran watannin mutanen lungun sukan toshe indararonsu da tsumma, don kada tantabaru su yi sheƙa, kada kuma ruwan wankin da mata ke yi a saman soro ya zubo wa masu wucewa. Sai a manta. Baba Bawa ne yake bi gida-gida da zarar iska ta juya, yana buga ƙofofi da sandarsa: "A cire tsumma, masu gida!" Yara suna bin sa suna kwaikwayo, mata suna yi masa tsiya wai shi ne sarkin indararo. Bana babu mai bugun ƙofa, ƙofofin ma an ciccire su.

Ranar wata Alhamis bayan azahar hadari ya taso daga wajen teku. Kafin Munira ta sauke kaskonta, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ta ruga gidan tsohon ta tarar Abdulelah ya riga ta, ya kawo mota har bakin lungu, ya naɗe bargo a hannu, idonsa a kan silin.

"Abuya, in ya ɗiga, yalla, mu tafi. Ka yi alkawari," ya ce wa uban.

"Bai ɗiga ba," in ji Munira. Ta tsaya tsakaninsa da gadon.

Numfashin tsohon yana sama-sama. Ya karkata kai wajen taga kamar mai jiran sallama, ya daɗe a haka. Can leɓɓansa suka motsa, Munira ta sunkuya.

"Ban ji indararo ba."

Nan take Munira ta tuna. Ta cire tsumman nata gidan tun makon jiya. Na Baba Bawa kuwa yana bayan tankin ruwa, shi ya toshe shi da hannunsa bayan ruwan bara, ita kuma kwalta ta ɗauke mata hankali. A kusurwar silin wani tabo ya fara duhu.

"Shuf, Khala, ga shi nan," Abdulelah ya nuna.

"Tabo ne. Ɗigo ka ce."

"Ba za ki hau sama cikin wannan ruwan ba."

"Riƙe hannun ubanka, ka bar ni."

Ta hau. Saman soron ya zama tafki, ruwa har ƙwaurinta, yana neman tsallake bakin matakala. Ta dafa bango ta kai bayan tankin, ta durƙusa ta zura hannu har kafaɗa. Tsumman ya kumbura ya kama bakin ramin gam. Ta ja, ya ƙi. Ta zage shi, ta zagi tantabaru, ta ƙara ja har farcenta ya karye. Tsumman ya fito gaba ɗaya, ta faɗi zaune cikin ruwan. Indararon ya ɓarke da ƙara, yana dukan ƙasar lungun da babu kowa.

Da ta sauko tana ɗigar ruwa, a bakin ƙofa ta tsaya don kada ta jiƙa ɗakin. Abdulelah yana zaune a gefen gadon, bargon ya faɗi ƙasa. Ya riga ya rufe wa tsohon ido.

"Ya ji?" ta tambaya.

"Ya ji. Ya ce, yawwa. Sannan ya yi shahada."

Munira ta ɗaga kai. Tabon yana nan inda yake, bai ɗiga ba. Sai a lokacin kuka ya zo mata, na baƙin ciki da na jin ba a kayar da su ba, ta kasa raba su.

Abdulelah ya ce a nan za a yi wa uban wanka, a ɗakinsa. Ya je ya murɗa famfo, babu ko ɗigo, tankin ya ƙafe tun da aka yanke wa unguwar ruwa. Ya leƙa waje. Sannan ya ɗauki babbar robar wankin Munira, ya tattare jallabiyarsa, ya fita lungu cikin yayyafi. Ruwan indararon yana saukowa ja da ƙura. Ya tsaya a gefe da robar a hannu, yana jira ya yi fari.