Takalmin Gus Rofik

Tun da injinan wani kamfani suka fara zuƙar yashi daga koginmu, Kiyai Sobari bai sake yin huɗuba ba tare da ya ambaci kogin ba. Kiyai shi ne abin da muke kiran babban malami a nan tsibirin Jawa, kuma a Sumberjati ba mu da wani sai shi. Tsoho ne siriri, mai tari, wanda in ya yi magana kan zalunci sai ka ga jijiyar wuyansa ta tashi. Shi ya ja manoma zuwa bakin ruwa ya nuna musu yadda gaɓa ke zaizayewa. Shi ya hau bayan babur ɗina muka je ofishin gunduma, ya zauna a benci har aka gaji aka saurare shi. A can aka ce kamfanin ba zai ci gaba da haƙa ba sai mutanen gari sun amince a bainar jama'a.

Ranar taron, zauren gari ya cika tun kafin la'asar. Mbok Sumira, wato iya Sumira, gwauruwar da gonarta ta barkono ke daf da ruwa, ta zauna a gaba tana tauna ganyen da tsofaffinmu ke taunawa kamar goro.

"Tukiman, matsa can," ta ce wa maƙwabcinta. "Warin tabarka kaɗai ya isa ya kori kamfanin, ba sai Kiyai ya wahala ba."

"Ke dai ki adana bakinki, iya. Yau Kiyai zai yi mana maganar, mu namu amin."

Haka kowa ya zo da shi a ransa. A wurinmu ba a ƙirga hannu. Mai gari zai tambaya ko akwai mai ja, idan babban mutum ya ja, sai a bi bayansa. Idan aka yi shiru, an yarda ke nan.

Sai wata farar mota ta tsaya a ƙofa. Wanda ya fito ba manajan kamfanin ba ne. Gus Rofik ne.

Gus ake kiran ɗan malami. Wannan kuwa ɗan marigayi Kiyai Maskur ne, mutumin da ya ɗauki Sobari yana maraya, ya ciyar da shi, ya koya masa karatu tun daga baƙi har manyan littattafai. Sobari ya goyi Rofik a kafaɗa lokacin da Rofik bai iya tafiya ba. Amma a al'adarmu shekaru ba su shiga wannan lissafi. Ɗan malaminka malaminka ne. Ba ka zama sama da shi, ba ka katse shi, ba ka musa masa a gaban mutane. Wanda ya yi haka ana cewa albarkar karatunsa ta tsiyaye.

Na ga fuskar Kiyai lokacin da ya gane shi. Ya miƙe da sauri har sandarsa ta faɗi. Ya sunkuya ya sumbaci hannun mutumin da a shekaru ya isa ya haifa, ya ja shi zuwa kujerarsa, shi kuma ya zauna a tabarma kusa da ƙafarsa.

Gus Rofik ya iya magana. Ya ce yashi arzikin Allah ne da ke kwance a banza. Ya ce samari za su samu aikin lodi, ba sai sun tafi birni ba. Ya ce kamfanin zai sake wa masallaci rufi. Ya ce a gwada damina ɗaya kawai, in an ga ɓarna a daina. Ban ce ƙarya yake yi da gangan ba. Ina jin ya yarda da rabin abin da yake faɗa.

Mai gari Wagino ya gyara murya. "To, jama'a, akwai mai ja?"

Duk ido ya koma kan Kiyai. Kiyai kuma ya kafe idonsa a kan saƙar tabarma. Ana jin ƙugin injinan daga bakin kogi, don har ranar ba su tsaya ba. Mbok Sumira ta yi tari na gangan, ta sake yi.

"Alhamdu lillahi, an yarda," in ji mai gari.

Kafin Gus ya tashi, Kiyai ya riga shi zuwa ƙofa, ya durƙusa ya juya masa takalminsa ya fuskanci waje, yadda ɗalibai ke yi wa malamansu don su zura ƙafa ba wahala. Gus ya zura, ya dafa kafaɗarsa, ya tafi.

Damina ta zo da ƙarfi. Wata safiya gaɓar kogin ta rufta, ta tafi da fiye da rabin gonar Mbok Sumira, barkono da ayaba da komai. Abin da ya rage ya tsage kamar tsohuwar tukunya.

Ina gidan Kiyai ina gyara masa injin ban-ruwa ranar da ta zo. Mutanenmu ba sa zuwa wurin malami hannu rabbana, kowa kan kawo wani abu daga gonarsa. Ta sauke kwando daga bayanta, ta ajiye a gabansa, ta yaye ganyen ayabar da ta rufe shi da shi. Yashi ne, jiƙaƙƙe.

"Allah gafarta Kiyai, ga amfanin gonata na bana. A sa mini albarka."

Matarsa, Nyai Romla, ta leƙo daga ɗaki. "Haba Sumira!"

"Bar ta," in ji shi. Ya sa hannu biyu ya karɓi kwandon, kamar yadda yake karɓar shinkafa ko kwakwa. Ya yi mata addu'a cikin muryar da ba na iya ji. Ta tsaya kamar tana jiran ya ce wani abu. Ta ɗaure zanenta ta tafi.

Kwandon ya zauna a barandar. Nyai ta so ta zubar, ya hana. Daga ranar ya bar wa mataimakinsa huɗubar Juma'a, ya ce maƙogwaro ke damunsa. Ya rame. Mutane na gaishe shi kamar da, suna sumbatar hannunsa, sai dai ba wanda ya ƙara kawo masa zancen kogi, kuma ina ganin wannan ya fi zagi yi masa ciwo.

Ni ban yi zurfi a makaranta ba, abin da na sani na tsinta ne nan da can, amma irin wannan lamari kan hana ni sakat. Wata rana na kasa haƙuri.

"Kiyai, da ka yi magana ranar nan, da zunubi ne?"

Ya ce, "Parjo, ka san ba ni da takalmi sai da na shiga gidan mahaifin Gus? Harafin da zan yi amfani da shi in ce a'a, a bakin mahaifinsa na koye shi."

"Amma gonar Sumira fa?"

"Ita ce nake gani in na rufe ido a salla." Ya dubi kwandon. "Na tara mutane na ce su tsaya a bayana. Da ban tara su ba, da wani ya buɗe baki da kansa. Jirana suka yi."

Nyai ta ajiye mana shayi da ƙarfi har ya fantsama. "Sai ka je ka same shi a gida ka gaya masa, tunda a gaban mutane harshenka nauyi yake yi. Ko kwandon nan za ka yi ta gadi har ya tsiro?"

Ya je. Ni na kai shi. Gus ya karɓe shi da fara'a, ya zaunar da shi ƙarƙashin hoton marigayi, ya yi ta ba shi labarin yadda ɗaliban makarantar mahaifinsa suka yi yawa, ɗakuna na yoyo, kamfanin ne ke taimakawa. Kiyai ya sha shayi, ya yi godiya, muka fito bai taɓo zancen kogi ba. A hanya na ji goshinsa ya jingina da bayana.

Da damina ta wuce aka sake kiran taro don a sabunta yardar. Mutane ba su cika kamar na farko ba. Tukiman ya ce shi dai ya zo kallon yadda ake sumbatar hannu ne. Ba wanda ya yi dariya.

Komai ya tafi kamar wancan karon. Farar mota, sunkuyawa, kujera, tabarma. Gus ya yi ta'aziyyar gonar da ta rufta, ya ce ruwan bana ne ya yi yawa. Mai gari ya gyara murya.

"Akwai mai ja?"

"Gus," in ji Kiyai. Bai ɗaga kai ba, bai tashi daga tabarmar ba. "Ka yafe mini. Ban yarda ba."

Gus ya sunkuyo yana dubansa kamar bai ji daidai ba.

"Yaya Sobari, ni kake musa wa? A gaban mutane? Abin da Abba ya koya maka ke nan?"

"Ya koya mini in bi ka. Ya kuma koya mini hukuncin wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani." Kiyai ya ci gaba: "Ban taɓa tambayarsa wanne zan ɗauka in suka yi karo ba. Bara na ɗauki ɗaya, matar nan ta biya. Ba zan iya sake sa wani ya biya ba."

"Ni ma ban yarda ba!" Tukiman ya faɗa daga baya. Sai zauren ya ɗauka gaba ɗaya, har mai gari ya yi ta buga tebur. Ba a sabunta yardar ba.

Cikin hayaniyar ban lura da fitar Kiyai ba. Sai da Gus ya nufi ƙofa na gan shi durƙushe a can, ya juya takalmin, ya jera su daidai, yana jira da kansa a ƙasa. Gus ya tsaya. Ya dubi takalmin, ya dubi furfurar da ke gabansa. Sannan ya tsallake su, ya taka tsakuwa mai zafi da ƙafa tsirara har cikin mota.

Injinan sun bar koginmu kafin wata ya mutu. Gonar Tukiman da na sauran sun tsira. Da lokacin addu'ar shekara ta Kiyai Maskur ya zo, aka gayyaci duk tsofaffin ɗalibai ban da mutum ɗaya. Ranar Kiyai Sobari ya sa fararen kayansa tun safe, ya zauna a baranda, ko wani zai zo da saƙo. Ba wanda ya zo sai Mbok Sumira, ta dawo daga ƙwadago a gonar wani, ta tsaya ta sha ruwa.

Ta ga kwandonta a inda yake. Kusa da shi ga takalmin Gus, an goge su, an juya su suna fuskantar hanya.

"Kiyai," ta ce, ba da faɗa ba, "'ban yarda ba' kalma uku ce fa. Da bara ka faɗe su."

"Na sani, Sumira."

Ta ajiye moɗar, ta sumbaci hannunsa, ta wuce. Shi kuma ya ci gaba da zama tsakanin kwandon da takalmin har aka kira azahar.