Katunan Jarrabawa Babu Fuska

Karo na huɗu ke nan malamar lissafi tana danna maɓallin, katunan jarrabawa suna fitowa da suna da lamba, amma gurbin hoto fari fat. Gobe da safe za a zauna jarrabawa, kuma duk ɗalibin da babu fuskarsa da sunansa a kati ba zai shiga ba. Laifinta ɗaya, ta taɓa gyara firinta. Tun ranar aka laƙaba mata Injiniya, aka jibga mata shafin makaranta na intanet.

Ta kira kamfanin da suke hayar saba a wurinsa, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kai.

"Manhajar sarrafa hotuna ce babu," in ji ma'aikacin.

"Na saka ta tun da safe. Har an rubuto mini ta shiga."

"A wane tsari kika saka, sabo ko tsoho?"

"Au, biyu ne?"

"Uku ne ma, Malama. Sabar nan kamar gidan haya take, ku ɗari biyu ne a ciki. A sabon kika saka, shafinku kuwa a kan tsohon yake."

"To saka mini a tsohon mana."

"In na taɓa shi sauran 'yan haya za su cinye ni ɗanye. Ki mai da shafin kan sabon."

Kanta ya ɗaure, amma ta bi abin da ya ce. Fuskoki suka fito reras, har ta yi hamdala. Sai ta lura sunaye da lambobi sun ɓace. Ta koma tsoho, suna ba fuska. Ta dawo sabo, fuska ba suna. Ta sake kira, layin ya ƙi shiga.

Da yamma ta haƙura, ta buga masu fuska, ta ɗauki biro za ta cike sunayen da hannu. Katin farko wata yarinya ce mai wushirya. Shekara uku tana koya mata, ta san kusa da taga take zama, amma sunan ya ƙi zuwa. Na biyu ma haka. Kunya ta rufe ta.

Ta kwashi katunan ta nufi wurin maigadi.

Tsohon ya kalli na farko sau ɗaya ya faɗi sunanta da na ubanta. "Ita ce mai makara kullum. Uwarta ke kwance, sai ta yi mata wanka take fitowa."

Malama ta jawo benci ta zauna.

"A hankali, Baba," ta ce. "Rubutawa nake."