Wanda Ake Kira Ran Alhamis

Da almakashi Gunhild ta cire wa mijinta safa, don ƙafafunsa sun kumbura har ba ta fita da hannu. Ta danna yatsa a ƙwaurinsa, wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa.

"Kwana biyar ke nan ba ka je wankin jini ba, Preben. Daga asibiti sun sake bugowa."

"Ki ce musu na gode."

Shekara talatin ya yi yana tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa ta Esbjerg kafin ƙodarsa ta gaza. Tun daga nan sau uku a mako ake wanke masa jini, ita ke kai shi, ita ke ɗauko shi. Amma zaman ranar Alhamis ya girmi ciwon. Shekara goma sha tara su goma sha biyu suna haɗuwa a wani tsohon sito bayan kasuwar kifi, su sa baƙaƙen riguna, su kunna kyandir, su kira wani da suke ce wa Mai Ƙaho. Gunhild ba ta taɓa sa abin a ranta ba. Mazan maƙwabtanta mashaya suke zuwa, nata kuwa garau yake dawowa, sai ƙamshin turare. Har guga take yi wa rigar.

Alhamis ɗin da ta wuce, shugabansu Holger ya ɗora hannu a bayan Preben, ya ce Mai Ƙaho ya karɓi jininsa ya wanke shi. Preben ya dawo gida fuska a sake, ya ce shi da injin wankin jini har abada.

Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta kira likita. Likitar ta zo ta yi masa tambayoyi, sannan ta ja Gunhild gefe ta ce yana cikin hayyacinsa, ba za a iya tilasta masa ba.

* * *

Ta sami Holger da rana tsaka a shagonsa na gyaran keke. Ya kifa wani keke yana ɗaure masa sarƙa, ga ragowar burodi da kifi a kan jarida.

"Gunhild. Taya ce ta sace, ko ɓatan hanya kika yi?"

"Tambaya ɗaya ta kawo ni. Wannan Mai Ƙahon naku, akwai shi?"

Ya yi dariya yana goge hannu da tsumma. "Wane irin akwai? Alama ce. Kowane mutum akwai abin da yake tsoro a cikin kansa, sai mu ba abin suna, mu sa masa ƙaho, don a iya kallonsa ido da ido. Akwai malamin lissafi a cikinmu, akwai ma'aikaciyar jinya. Kina zaton jira suke wani ya tsago ƙasa ya fito? Wasu kaɗaici ke kawo su. Akwai wadda ta zo don kawai ta baƙanta wa ubanta fasto, ya mutu tuntuni, ita ba ta daina zuwa ba."

"Preben fa?"

"Shi ma ya sani. Kowa ya sani."

"Ka taɓa gaya masa?"

Holger ya juya fedar keken, tayar ta yi ta zagayawa. "Ba abin da ake faɗa ba ne. In aka faɗa, ya lalace."

Sai ta gaya masa Preben ya daina zuwa wankin jini. Ba ta ɗaga murya ba, ƙarfin yin hakan ya ƙare mata tun kwana uku da suka wuce. Ta ga fuskarsa ta sauya.

"Addu'ar marasa lafiya ce kawai," ya ce. "Kowa ana karanta masa. Ni na rubuta ta da hannuna. Ni kaina kullum sai na sha maganin hawan jini."

"To wanke hannunka mu tafi."

* * *

Preben ya yi ƙoƙarin tashi zaune da ya ga baƙon, Gunhild ta tura masa filo. Holger ya zauna a bakin gado da kayan aikinsa, ya faɗi komai, tiryan-tiryan, kansa a ƙasa. Babu kowa a siton nan sai su. Babu wanda ya wanke jinin kowa.

Preben ya saurara har ƙarshe. Abin da Gunhild ta gani a kumburarrun idanunsa ba fushi ba ne, tausayi ne.

"Shekara sha tara kana tsaye gab da shi, ba ka taɓa jin sa ba? Ni na ji. Da ka taɓa ni, wani ɗumi ya ratsa bayana."

"Hannuna ne, Preben. Kyandir na riƙe."

"Gwada ni yake yi, da bakinka." Ya dafa gwiwar Holger a hankali. "Kwantar da hankalinka, tsohon banza. Ba zan gaya wa sauran ba."

Holger ya juyo ya kalli Gunhild. Ita kuwa ta miƙe ta shiga kicin ta ɗora kofi, don ba ta san wani abin yi ba. Kafin ya tafasa ta ji an ja ƙofar waje.

Kwana shida Preben ya ƙara a duniya.

* * *

A ɗakin jana'iza su goma sha ɗaya suka zo, cikin kwat irin na kowa, suka cika benci na baya. Malamin lissafin ya riƙe hannunta ya ce mijinta mutumin kirki ne. Ba wanda ya ambaci Mai Ƙaho.

Washegari tana zaune a kicin tana buɗe katunan ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta sunayen waɗanda za ta aika wa godiya. Na kusa da ƙarshe rubutun Holger ne, da sa hannun sauran a ƙasa: *Mai Ƙaho ya karɓe ka, ɗan'uwa. Sai mun iso.*

Ta karanta sau biyu. Kwandon shara yana can ƙarshen kicin, ƙafafunta kuma sun yi nauyi. Ta ɗora katin a kan sauran, ta jawo na gaba.