Ranar da Aka Shanya Gitar Iliyasu

Shekarar da fari ya dawo, lokacin da sojoji ke riƙe da ƙasa, Iliyasu ya rasu a garin Sarkin Hausa. Tari ne ya kama shi tun kaka, ya yi ta cin sa a hankali har ya kwantar da shi. Awakinsa sun riga shi tafiya, wasu yunwa ta kashe, wasu aka kai kasuwa aka sayo tsaba. Abin da ya bar wa matarsa Tanna da ɗiyarsu Lalla bai wuce gona ɗaya a arewacin gari ba, sai gita rataye a bangon ɗaki.

Daga ci-rani ya taho da gitar nan, shekarun da ya yi yana gadi a Kano. Mutanen gari sun san gurmi, sun san garaya, amma ba su taɓa ganin abin kiɗa na katako zalla ba, ja mai sheƙi, da tsirkiya shida. In an tashi noma, Iliyasu kan zauna gindin gawon da ke gonarsa ya kaɗa ta a hankali, kamar mai yi wa kansa magana. Yana da rai Tanna ba ta taɓa ɗora mata hannu ba.

Bayan ta fita takaba, wan mijinta Alhassan ya yi sallama ya zauna bakin ƙofa. Ya daɗe yana zanen ƙasa da kara kafin ya buɗe baki.

"Uwar Lalla, damina na tahe. Kina da iri?"

"Babu, Yaya. Kai ma ka sani, mun cinye."

"Ni ma ba ni da wanda zan ba ki. Jar dawar nan da sojoji ke rabawa ba ta fita a yashinmu. In ruwa ya sauka gonar ƙanena ba iri, zan ba da ita jingina ku ci abin da aka samu. Ke kuma ki koma Kona wajen danginki da yarinyar."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Nasa ƴaƴan ma haƙarƙarinsu a waje yake. Amma Tanna ta san gonar da aka ba da jingina a shekarar yunwa ba ta cika dawowa ba, kuma gonar nan ita kaɗai ce abin da Lalla za ta nuna wata rana ta ce na ubana ne.

Sai ta tuna da Sa'idu, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Mayahi, wanda ake ce wa Mushe kamar sauran malaman boko, kuma yake jagorantar makaɗan ƙungiyar matasa ta Samariya. Sau da yawa ya zo yana roƙon Iliyasu ya sayar masa da gitar, Iliyasu na dariya yana cewa sai dai ya mutu. Mahaifin Sa'idu na cikin ƴan tsirarun da suka ɓoye irin hatsi a rumbu. Ta aika masa ta hannun mai amalanke. Amsa ta dawo cewa ta kawo gitar ranar kasuwa, in muryarta na nan yadda ya san ta, zai ba ta buhun iri.

Ana gobe kasuwa ta sauko da ita, ta goge ƙurar da bakin zanenta. Ta ɗan ja tsirkiya guda da ɗan yatsa. Abin da ya fito ba muryar da ta sani ba ce, wani sauti ne a dushe, a kwance, kamar na mai mura. Ta ja wata, ita ma haka. Ba ta san cewa tsirkiyoyin ne kawai suka saki saboda daɗewa ba, kuma murɗa ƴan kunnuwan da ke kan wuyan zai dawo da su.

Abin da ta sani, na gidan ubanta ne. Mahaifinta makaɗin gurmi ne a Kona. Duk lokacin da gurminsa ya dushe, sai ya ce sanyi ya kama fata, ya ɗora shi kan danga rana ta buge shi. In ya sauko da shi fatar ta ɗame, murya ta tashi har ana ji daga rijiya. Tun tana ƙarama ita ake aika ta ɗora, ita ake aika ta sauko da shi.

"Sanyin ɗaki ne ya kama ki," ta ce wa gitar. "Ke ma takaba kika yi."

Ta hau turmi ta kwantar da ita kan rumfa, fuskarta na kallon sama. Bazara ce, rana irin wadda ko kaza ba ta yarda ta taka yashi. Ta ja hannun Lalla suka tafi layin rabon dawa a ƙofar mai gari. Layin ya yi tsawo, motar ta makara, sojan da ke rabo ya tsaya cin abinci. Sai bayan la'asar suka dawo.

Gitar ta yi zafi har ba ta taɓuwa. Da ta huce Tanna ta ja tsirkiya, ta ji sautin ya zo da wani ɗan zuga a ƙarƙashinsa, irin na gurmi. Ranta ya yi sanyi. Ta ga wani siririn layi daga bakin gitar zuwa gindinta, ta ɗauka zanen katako ne. Ta naɗe ta cikin rawanin Iliyasu.

Da safe ta bar Lalla wajen maƙwabta ta hau amalanke. A mashigar Mayahi wani jandarma ya nuna abin da ke cinyarta da sanda.

"Mi ke nan kika naɗe haka, kamar gawa?"

"Gita ce, ranka ya daɗe. Ta mai gidana."

"Shi yana ina?"

"Ya rasu."

Jandarman ya kau da kai ya ɗaga wa mai amalanke hannu.

A rumfar Gazali mai gyaran keke makaɗa ke zama ranar kasuwa. Gazali na da tasa gitar da ya haɗa da galan ɗin mai da wayar birkin keke. Can gefe kan tabarma akwai tsoho Na Allah da gurminsa. Tanna ta tarar ana musu, ta durƙusa ta gaishe su, suka yi mata gaisuwar rashi, aka ba ta ruwa.

"Yau dai kunnuwana za su huta da galan ɗinka," Sa'idu ya ce da Gazali. "In ka kaɗa shi sai ka ce akuya ta faɗa rijiya."

"Akuyar nan ita ta raka ka wasa har Tasawa, Mushe. Ina taka gitar? Tun da aka rufe iyaka ka je Maraɗi sau nawa ka dawo hannu wofi?"

"Maraɗi akwai guda wajen wani Bayarabe, amma katakon akwatin shayi ne aka shafa wa fenti. Ta Iliyasu daban take. In ka taɓa tsirkiyar ƙasa, sautin ba ya mutuwa nan take, tsayawa yake yana kewaya cikinta. A ƙirji kake jin sa. Ko a Yamai ban ji irinta ba."

Na Allah ya tofar da goro. "Ni kam duk gita muryar baƙo gare ta. Ta cika ladabi. Abin kiɗa in bai yi zuga ba, ai bai ce komai ba."

"Baba, kai ko rediyo ka samu sai ka ɗaura masa akayau," in ji Gazali.

Suka yi dariya, har Tanna ta ɗan murmusa. Ta miƙa wa Sa'idu gitar da hannu biyu. Ya goge tafinsa a wando, ya warware rawanin a hankali.

Dariyar ta tsaya. Sa'idu ya karkata gitar wajen haske. Layin nan ya buɗe a hanya, har ana iya tura tsinke. Jakin da ke riƙe da tsirkiyoyi ya ɗaga daga baya, fentin fuskar ya yi ƙuraje.

"Inna lillahi. Uwar Lalla, faɗuwa ta yi?"

"A'a, Mushe. Ko kusa."

"To wa ya yi mata haka?"

"Jiya na ji muryarta ta dushe, sai na shanya ta, don ta tashi kafin ka ji."

"Kika shanya ta? A rana?"

"Kan rumfa. Haka babana ke yi wa gurminsa."

Gazali ya fara dariya, ya dubi fuskarta, ya haɗiye. Na Allah ya sunkuyar da kai yana shafa fatar gurminsa.

"Gurmi fata ne, Yaya," Sa'idu ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Wannan katako ne siriri aka manna da gam. Rana ta narka gam ɗin, ta tsaga katakon. Da kin bar ta yadda take, murɗawa kawai zan yi."

Tanna ba ta yi kuka ba. Ta dubi hannuwanta, waɗanda suka hau da gitar kan rumfa suka gyara mata kwanciya don rana ta same ta sosai.

"Ba ta gyaruwa?"

"Akwai kafinta a Maraɗi," in ji Gazali, "amma gam ɗin ƙofa gare shi. Zai toshe tsagar, murya kuwa ta tafi ke nan."

Na Allah ya miƙa hannu aka ba shi. Ya ja tsirkiyar ƙasa da babban yatsa. Sautin ya fito yana rawa, tsagar na zuga.

"Ni dai a kunnena yau ta koyi Hausa," ya ce. "Da ina da hatsi, ɗiyata, da na saya a haka. Abin da kika yi, ni ma shi zan yi. Wallahi shi zan yi."

Amma Na Allah ba shi da ko zangarniya. Sa'idu kuwa buhun ba nasa ba ne. Mahaifinsa ya yarda ya fitar da shi ne don shugabannin Samariya sun ce za su mayar masa da kaka, in an samo gitar da za a hau wasa da ita gaban manya. Ya faɗa mata haka bai ɓoye ba. In ya ɗaure tsirkiyoyin yadda ya kamata, jakin zai fizge gaba ɗaya.

Hayaniyar kasuwa na shigowa, wani na tallan dusa.

Gazali ne ya yi magana, yana kallon ƙasa. "Tsirkiyoyin ba abin da ya same su. Na kanti ne, ba wayar birki ba. Irinsu yanzu babu daga nan har Damagaram."

Sa'idu ya gane. Ya ce yana da ɗan rabonsa na iri da mahaifinsa ya ware masa, ƴan tiyoyi ne, ba su kai kwatan buhu ba. In ta yarda a cire tsirkiyoyin, zai ba ta duka.

Tanna ta dubi gitar. In aka cire su, ba wanda zai sake jin ko zugar.

"Mushe, ka san abin nan da uban Lalla ke kaɗawa gindin gawo?"

"Na sani."

"Kaɗa mani."

Bai ɗaure tsirkiyoyin ba, ya ɗan murɗa kaɗan don su yi daidai da juna. Ya kaɗa a hankali. Kiɗan ne, ta gane shi, amma kamar Iliyasu ne ke yin sa a kwanakinsa na ƙarshe, da tarin nan a ƙirji. Sai a lokacin hawaye ya zubo mata. Ta bari har ya kai ƙarshe, ta share fuska da mayafi.

"Ku cire."

Gazali ya cire su ɗaya ɗaya, yana naɗe kowace a yatsunsa. Sa'idu ya je gida ya dawo da irin cikin ƙwaryar mahaifiyarsa. Tanna ba ta zo da mazubi ba, don buhu ta zo ɗauka. Ta yage bakin rawanin ta cusa a tsagar, ta ce a zuba a cikin gitar. Suka zuba ta bakin, ta toshe da sauran ƙyallen.

A hanyar komawa duk inda amalanke ya faɗa rami sai hatsin ya gangara cikinta, shuu, ya koma. Ta rungume ta don kada ya tsiyaye.

Alhassan ya zo ya duba irin da ta juye a faifai. Bai tambaye ta yadda aka yi ba, labari ya riga ta isowa. Ya ce zai ishi gefen gawo, daga gidan tururuwar da ke gonar zuwa iyaka. Sauran gonar ya ba da ita jingina kafin ruwan shuka.

Da ruwa ya sauka, ita ke sara da sungumi, Lalla na bin ta tana jefa iri tana rufewa da ƙafa. Kafin hantsi ya yi zafi sun gama. Daga can tsallaken tururuwa, ƴaƴan wanda ya karɓi jingina suna ta shuka har azahar. Ba ta koma Kona ba, amma wancan ɓangaren bai dawo ba.

Gitar tana nan rataye inda take, ba tsirkiya. Ƴan ƙwayoyi sun maƙale a cikinta sun ƙi fita. Wani lokaci Lalla kan hau turmi ta girgiza ta don ta ji motsinsu, Tanna kuwa ba ta hana ta.